Sabuwar Motar Lorraine

"Ƙara durƙusawa, Noreen. Me kike gani a ƙarƙashin motar?"

"Kwalta nake gani," na ce, gwiwoyina suna shan sanyi.

"Ɗigon mai nake tambaya. Ko na ruwa."

Babu ɗigon komai. Na miƙe ina kakkaɓe wando, Lorraine kuwa ta riga ta wuce gaba da sandarta, tana shafa jikin motar da tafin hannu kamar mai neman zazzaɓi a goshin yaro.

Lorraine maƙwabciyata ce. Shinge ɗaya ya raba gidajenmu a Winnipeg tun 'ya'yana suna ƙanana, kuma ita ta riƙa kai su makaranta a babbar motar ɗalibai da ta tuƙa har ta yi ritaya. Da safen ranar ta buga min ƙofa ta ce, "Zo ki ara min gwiwoyinki, nawa sun ajiye aiki. Za mu karɓo mota."

Mai sayar da motar, wani dattijo mai fara'a da ake kira Mista Reyes, ya so a yi komai a cikin ɗakin nuni, inda akwai ɗumi da kofi. Ta ƙi.

"Fito da ita rana," ta ce. "A ƙarƙashin fitilun nan naku ko ni sai in yi kyau."

Ya yi dariya, ya fito da ita. Ta sa na bi fentin daga gaba har baya, na duba ko bakin ƙofofi ya zauna daidai, na murza yatsa a kowace taya. Ta sa na buɗe but na ɗaga shimfiɗar don ta ga tayar ajiya da jak da idonta. Ta karanta lambar da ke ƙasan gilashin gaba, Mista Reyes yana bin ta a takarda. Ta karɓi makulli biyu ta gwada kowanne. Ta tura ni baya in tsaya, tana taka birki tana kunna sigina, ni kuma ina ihu, "Ta kama! Wannan ma ta kama!" A gefen ƙofar baya muka sami ɗan kwarzane. Mista Reyes ya leƙa ya ce, "Gaskiyarki, Madam," ya kira aka goge nan take.

"Igiyar ɗumama inji fa? Sanyi na nan tafe."

Ya zaro mata ita daga gefen bonet, wayar da ake jonawa da lantarkin gida don kada inji ya daskare da sanyi. Ta gyaɗa kai.

Duk wannan bai ba ni mamaki ba, na san halinta. Abin da ya tsaya min shi ne da ta zauna a kujerar direba ta tura ta baya har ƙarshe. Lorraine gajeriya ce, tun bazara kuma ta ƙara ramewa, har ƙafarta ba ta kai birki ba. Ta ɗaga hannu ta auna tsakanin kanta da rufin mota.

"Mista Reyes, kai dogo ne. Shigo ka zauna. Gwiwarka na taɓa sitiyari?"

"A'a, Madam."

"Mijina ya fi ka tsawo da kamar tafi ɗaya."

"Zai shige har da hularsa."

Na bar bakina a buɗe. Orest, mijinta, ban taɓa ganin sa a bayan sitiyari ba. Kullum yana gefe, jakarta a kan cinyarsa. Duk layinmu kowa da nasa hasashen: wasu sun ce ya taɓa kaɗe mutum yana saurayi, wasu sun ce idonsa ne, mijina kuma ya rantse cewa an ƙwace lasinsa ne tun da daɗewa. Ba wanda ya taɓa samun ƙarfin halin tambaya.

Da muka hau titi, ta mayar da kujerar gaba tana tuƙi, na kasa haƙuri.

"Lorraine, wai Orest ya iya tuƙi?"

"Sarai. Lasinsa ma bai taɓa bari ya mutu ba."

"To me ya hana shi?"

"Ni." Ta yi 'yar dariya. "Ranar da ya fara fita da ni, motar babansa ya aro. Tun daga ƙofar gidanmu nake ce masa ka yi kusa da wancan, ka sa sigina, birkinka da ƙarfi. Kafin mu kai gada ya tsaya, ya fito, ya miƙo min makulli. Shi ke nan. Ba haɗari, ba komai. Faɗa wa mijinki ya huta."

"To yanzu fa?"

Ta rage gudu a danja.

"Likita ya ce ba zan kai in ga narkewar ƙanƙara bayan hunturu ba. 'Yarmu tana garin Brandon da jikoki. Tsohuwar motar ni kaɗai take ji wa magana. In na bar masa ita, a kujerar falo zai ƙare."

Na san tana zuwa asibiti, amma kullum cewa take 'yan gyare-gyare ne. Sai kawai na ce motar tana ƙamshi. Ta ce roba ce kawai, zai fita.

Orest yana tsaye a baranda da muka iso, hannayensa a aljihu. Ta miƙa masa makulli ɗaya.

"Ga naka, tsoho."

"Ina da direba," ya ce.

"Direbanka za ta tafi hutu."

"In ta dawo sai mu yi magana." Ya juya ya shige gida.

Haka motar ta zauna. Ta tagar kicin nake kallon ta, ganyaye suna taruwa a gilashinta. Lorraine ta ɗan fita da ita zuwa coci da kanti, daga baya ta daina fita gaba ɗaya. Wani lokaci nakan ga Orest ya fito da shara, ya zagaya motar daga nesa kamar karen da bai sani ba, ya koma. In na kai musu miya sai in ji su daga ɗaki.

"Ka je ka tayar da ita, batir zai mutu."

"Sha maganinki."

"Taurin kai kamar na babanka."

Ranar da dusar ƙanƙara ta fara sauka, nas ɗin da ke zuwa duba ta ta ce lokaci ya yi da za a mayar da ita gidan jinya, inda za a iya rage mata ciwo. Ta ɗauko waya za ta kira motar asibiti.

"Ajiye wayar," in ji Lorraine. Muryarta ta yi ƙasa sosai. "Ban sayi sabuwar mota don a fitar da ni a kwance ba. Orest zai kai ni."

Orest ya daɗe yana kallon ta. Sannan ya je ya ɗauko hularsa.

Ni da nas muka zaunar da ita a gaba, muka lulluɓe ta da bargo. Na shiga baya da jakarta. Orest ya tura kujera, ya gyara madubi, ya riƙe sitiyari da hannu biyu. Na shirya jin faɗa. Ya ja da baya har tayar ta hau gefen ciyawa, na ga leɓen Lorraine ya motsa, amma ba ta ce komai ba.

A hankali yake tafiya, motoci suna wuce mu. Ita kuwa ta jingina kai da gilashi tana kallon waje.

"Orest, yaushe aka yi wa gidan can koren fenti?"

"Ai ya daɗe."

"Waccan bishiyar fa, a bakin kogi? Da ma tana nan?"

"Tun kafin mu yi aure."

"Ashe abin da kake kallo ke nan duk shekarun nan, ka bar ni da bayan motocin mutane."

"Ke kika zaɓa."

Da muka zo kwanar gidan jinyar sai ta ce, "Kada ka shiga tukuna. Ƙara zagayawa ta gada."

Ya zagaya. A kan gadar ta ce, cikin raɗa, "Birkinka har yanzu da ƙarfi." Ya ce ya sani.

A ƙarshen makon ta rasu, da hantsi, Orest da 'yarsu suna gefenta. Bayan jana'iza mata suka cika musu firji da abinci, 'yar ta koma Brandon, layin ya yi tsit.

Wata safiyar Asabar ina wanke kofuna na hango Orest ya fito da 'yar jakar tafiya da leda cike da kayan wasan yara. Ya zare igiyar inji daga bango ya naɗe ta, ya share ƙanƙarar gilashi tsaf. Sannan ya buɗe ƙofar gefen fasinja, har ya sa ƙafa ɗaya. Ya tsaya a haka, numfashinsa yana fita fari a cikin sanyi. Ya janye ƙafar, ya ɗora jakar a kan kujerar, ya rufe ƙofar a hankali, ya zagaya ta gaban motar.