Harawar Jumare

Shekarar da annoba ta share shanun ƙasar Kontagora, Jumare ya wayi gari da saniya guda tak cikin sittin da ya gada. Sunanta Wule. Ita kaɗai ce irin da ya rage masa: in ta rayu garke zai iya dawowa, in ta faɗi kuwa, sai dai ya riƙa ba da labari. Don haka ya fasa yawon kiwo, ya roƙi ɗan fili a bayan gari ta hanyar Ibeto, ya shuka wake. Waken bai dame shi ba, harawar yake so, don Wule ta samu abin ci da rani. Kafin kaka kuma ta ɗauki ciki.

To, mutumin da ya tashi da sanda a kafaɗa, ina ya san lauje? Da matarsa Mairama ta gama roron wake, ya yanke harawar, ya bar ta kwana uku a kwance. A hankalinsa, abin da aka shanya sai rana ta take ake kwashewa. Ya bari har ƙasa ta fara ƙona ƙafa, sannan ya hau naɗewa yana ɗaurewa, ganye na kakkaryewa yana zuba bai kula ba. Da ya ɗaga dami ya ji sakayau, har murna ya yi wai ta bushe da kyau.

Inna Kubura, tsohuwar da gonarta ke iyaka da tasa, ta tsaya ta riƙe ƙugu.

"Sannu da aiki, ɗan Fulani. Kwando za ka saƙa da wannan igiyar?"

"Lafiya lau, Inna," in ji shi, ya ci gaba da abinsa. Shi a ganinsa, ya tambayi manomi yadda ake ciyar da saniya ai faɗuwar girma ce.

Da yamma ya kwance dami guda ya ajiye gaban Wule. Ta sunsuna, ta tura da hanci, ta kau da kai. Jumare ya duba da kyau, ya ga zallan jijiya, ba ganye ko na rantsuwa. Tsoro ya kama shi sosai, don ya riga ya ɓata fiye da rabin gonar.

Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Ya je ya tsuguna a ƙofar Inna Kubura.

"Inna, aradu na yi ɓarna."

"Ai tun da rana na gani. Harawa da raɓa ake ɗaure ta, kafin rana ta fito, lokacin ganyen ya yi laushi. Gobe ana sallame Asuba ka same ni a gona."

Haka aka yi. Ta nuna masa yadda ake naɗe ta kamar tabarma, a ɗaure da jijiyarta, a ɗora a reshen tsamiya inda awaki ba sa kaiwa. Dami tara suka samu, kore shar, masu ƙamshi. Jumare ya washe baki.

"Rufe bakin," in ji tsohuwa. "Tara ba za su kai ta ruwan fari ba. Sauran abincinta ga shi can ka watsar a ƙasa. Sai an share an zuba a kwando, kafin iska da gara su raba."

Mairama ta ruga gida ta ɗauko tsintsiya biyu da kwando. Amma gonar da faɗi, hannu biyu ba za su gama ba, ga iska ta fara motsi. Ranar kuma kasuwa ce, hanya cike da mutane, har da Fulanin da suka san shi tun yana da garke. Namiji da tsintsiya a bainar jama'a, abin da za a shekara ana yi masa dariya ne.

Jumare ya dubi hanya, ya dubi Wule da ke ɗaure a gindin tsamiya. Ya miƙa hannu.

"Ba ni guda, Mairama."

"Kai? Mutane fa na kallo!"

"Su kalla. Kunya ina da ita garke guda, saniya kuwa ɗaya ce."

Ya sunkuya ya kama shara. Wani daga hanya ya ɗaga murya, "Jumare, yaushe aka kai ki ɗaki?" Aka kwashe da dariya. Bai ɗago ba, sai hannu ɗaya da ya ɗaga musu, ya ce wa Mairama ta matso da kwandon.