Humrar Hunturun Bana

"Fitar mana da shi! Ba ta mutu ba tukuna!"

Ma'u ce ta tare ƙofar ɗakin da hannu biyu tana huci. Keziya ta tsaya a tsakar gida riƙe da kwalba, ta rasa laifin da ta yi. Sai da ta bi idanun matan da suka zo dubiya, ta ga duk abu ɗaya suke kallo: farin ƙyallen da ta naɗe kwalbar da shi.

Alawayyo ne, ragowar rigunan 'yan firamare da take ɗinkawa a shekarar da aka buɗe karatu kyauta. Ta naɗe ne don kada kwalbar ta fashe. Ta daɗe a Dutsin-Ma, tun da aka kawo mijinta Tomas ofishin gona daga Zonkwa, ta iya gaisuwar garin har da durƙuso, amma ba ta taɓa shiga ɗakin da ake shirya gawa ba. Ina za ta san turare da farin alawayyo ba sa shiga gida tare sai mai shi ya cika?

"Inna, humrarta ce," in ji Keziya. "Ita ta ce in kawo."

"Ita ta ce ki kawo mata likkafani? Mi ta yi maki? Kada ƙafarki ta sake taka gidan ga!"

Daga cikin ɗaki aka ji tari mai tsawo, irin wanda ke hana mutum magana. Keziya ta juya ta fita.

Zinariya mai humra maƙwabciyarta ce, bango ɗaya ya raba su. Kowace shekara, da zarar an gama yankan dawa, takan haɗa sabuwar humra ta hunturu, don a cewarta sanyi na danne ƙamshi, sai an ba shi mai nauyi. Ta soya farce, ta daka sandal da kajiji, ta ƙara abin da ba ta faɗa wa kowa. In ta haɗa sai ta miƙo kwalbar ta kan katanga, Keziya ta ɗora a kan rufin kwanonta ta sha rana har ta tsumu. Kuma a wuyan hannun Keziya ake gwajin farko. Ta bana Zinariya ta haɗa ta da ƙyar, tana yi tana hutawa, ta ce wa Keziya, "Maman Anes, ranar da ta nuna ki kawo mani, ko ina kwance. Ina son in ji ta da hancina."

Yau ta nuna, ga shi an koro mai kawowa kamar akuyar da ta shiga rumfar mai kayan miya.

Abin da ya fi ƙona wa Keziya rai, Ma'u ɗin nan, yayar Zinariya, sai makon jiya ta iso daga Kurfi da ƙullin kayanta. Wa ya yi ta dama kunu tun kaka? Wa ya wanke zannuwa, ya goya baiwar Allah a baya zuwa bakin titi ranar da za a kai ta asibiti? Amma yau ita ce mai fatan mutuwa. Ranar nan sai da ta karya allurar keke biyu.

"Ki bari hankali ya kwanta," in ji Tomas da ya dawo aiki. "In an kwana biyu sai mu je mu ba da haƙuri."

"Haƙurin me? Kuma wa ya ce maka tana da kwana biyun?"

Washegari da hantsi ta ji ƙarar guga, Ma'u ta tafi rijiya. Ɗakin Zinariya yana da 'yar taga can sama, wadda ke kallon tsakar gidan Keziya, an toshe ta da tsumma saboda ɗari. Keziya ta yago gefen farin ƙyallen nan, shi ɗin dai da aka zage ta a kansa, ta jiƙa shi da humra, ta ɗaura a kan karan dawa. Ta taka turmi, ta ture tsumman, ta zura karan a hankali.

"Yaya Zinariya, ni ce. Ga ta nan bisa kanki."

Ta riƙe karan a haka, ta kasa kunne. Sannan ta ji an ja numfashi, an sake ja.

"Farcen ya zauna," in ji muryar, ƙasa-ƙasa. "Amma miski ya yi kaɗan. Rowa na yi. Ki ɗiga mata kaɗan daga wanda na ba ki bara, ki maishe ta rana."

"Sai yaushe?"

"Jibi ta yi. Ki kawo, amma ban da likkafani." Ta yi wata 'yar dariya da ta koma tari.

Keziya ta sauko tana share ido, haushi da dariya sun haɗe mata. Ta ɗiga miskin, ta girgiza, ta mayar da kwalbar kan kwano.

Zinariya ba ta kai jibin ba. Kashegari da safe kuka ya tashi a bayan bango. Keziya ta zauna a gaban keke, ba ta taka ba, ba ta kuma shiga gidan ba, tunda an ce kada ƙafarta ta taka.

Rana ta ɗaga aka yi sallama. Ma'u ce, ido jajur, ta tsaya a bakin zaure tana murza gefen mayafi.

"Maman Anes, ta bar wasiyya. Ta ce kada a sa mata turaren kasuwa, sai wanda ke wurinki."

Keziya ta miƙe. "Yanzu kin san hanyar gidana? Da ranta kin hana ta, a gaban mutane kika mai da ni mayya. Sai yau da ba ta da hancin ji?"

Ma'u ba ta ɗago ba. "Ban sani ba. Tsoro ne. Ita kaɗai ta rage mani."

"To, humrar ba ta nuna ba. Ta ce sai gobe."

"Ba a jira, 'yar nan. Ana sallar azahar za a kai ta."

Keziya ta juya ta nufi tsakar gida. Sannan ta taka turmi ta sauko da kwalbar, wadda ta ɗau ɗumin rana. Ta buɗe, ta ɗiga ɗigo ɗaya a wuyan hannunta kamar kowace shekara, ta miƙa sauran haka nan, ba naɗi.

Da maza suka fito da makara, tana tsaye a bayan ƙyauren zaurenta. Suka wuce da sauri, ƙamshin ya tsaya a lungun, mai nauyi, sanyi bai danne shi ba. Ta kai hannu hanci. Miskin ya yi daidai.

Ta koma ciki. Karan dawan yana nan jingine a ƙarƙashin tagar, da ɗan farin ƙyalle a kansa.