Rigar da Tela Bai Kalmashe Ba

Ranar da Tela ya sauke akwatin waifai, wato na intanet, daga saman tagarsa, ni na riƙe masa kujerar da ya taka.

"Riƙe da kyau, Malam," ya ce. "In na faɗo ka rasa abokin gardama."

"Sauko da shi kawai. Ya isa haka, ka daina ciyar da kamfani."

Ya zare wayar wutar, 'yan fitilun nan kore suka mutu. Ya naɗe akwatin a cikin ragowar yadi, ya tura shi ƙarƙashin teburin yanka. Na koma ɗakina ina jin daɗin nasara. Ni tsohon malamin makaranta ne, na saba a ce mini na yi gaskiya, kuma tun rasuwar matata ba wanda ya rage da zan ci da gardama sai shi.

Bango ɗaya ne tsakaninmu, siriri, irin wanda mai gida ya yi wa rowar siminti. Ɗakinsa na gaba shi ne shago: keken ɗinki, teburi, madubi mai tsaga a kusurwa. Na ciki kuma gado ne da buta. Shi ma matarsa ta rasu tuni. 'Yarsa ɗaya ce, miji ya tafi da ita wata ƙasa mai nisa, can ta haifi 'yar da aka sa wa sunan mahaifiyar Tela. Shi ya sa yake kiranta Uwata. Bai taɓa ɗaukarta ba. Abin da yake yi shi ne ya ɗinka mata riga, in an sami mai tafiya ya bayar.

Sai dai Tela yana da wata ƙa'ida: ba ya yanka yadi da awon da bai gani da idonsa ba.

"Ai sai uwar ta auna ta turo maka," na ce masa.

"Wa? Wannan? Tun tana ƙarama in ta riƙe tef, ja take yi kamar za ta ɗaure akuya. Ni zan gani."

Saboda haka kiran bidiyo suke yi. Uwar ta ɗora wa yarinyar tef a kafaɗa, shi kuma ya kawo waya dab da hancinsa ya karanta. Da tsohon sabis hoton yakan daskare, lambobin tef su narke. Da kamfani ya kawo sabon nan mai gudu, ya je ya sayi akwatinsu, yana biya duk wata. Daga nan kiran ya daina zama na awo kaɗai, ya zama na kullum bayan la'asar.

Ni kuwa na karanta komai a kan abin. Na san hasumiyar da suka kafa a bayan kasuwa ba don Allah suka kafa ta ba. Nakan zauna a bencin shagonsa da jarida in yi masa darasi.

"Titi ne suka faɗaɗa maka don ka ƙara ƙona mai. In gudun ya ƙaru, datar ta fi saurin ƙarewa. Gaisuwa ce dai, Tela. Wanda zai ce maka ina wuni, me zai yi da gudu?"

"Malam, jiya na ga haƙorinta da ke girgiɗi. Har na ga yana motsi."

"Haƙori mai tsada."

Ya yi dariya, ya ciji zare. Can ya ce, "Ka san abin nan yana ratsa bango? Mu raba kuɗin mana, kai ma ka riƙa amfani."

"In kira wa?"

Ya ɗago ya dube ni, ya mayar da kansa kan keke. Bai sake tayar da maganar ba.

Wata safiya na shiga na same shi da almakashin yanka, yana raba ƙwayar maganin hawan jininsa biyu. Ya yi sauri ya rufe da tafin hannu.

"Likita ne ya ce rabi?"

"Likita ba shi ke biya ba."

"Kana yanka magani don ka ciyar da akwati? 'Yarka ta sani?"

"Mijinta ma fama yake. Na ce mata abin ba tsada. Kar ka faɗa mata, Malam, don girman Allah."

Yanzu kam na sami hujja ta gaske, na kuwa yi amfani da ita ba tausayi. Na ce ko ya sauke akwatin ya sha magani cikakke, ko in karɓi wayar ranar da ta kira in faɗa mata da bakina. Duk mai hankali zai ce na yi daidai. Fanshona kuwa yana shigowa, ba na kashe shi a komai sai jarida da shayi. Wannan ɓangaren lissafin ban yi shi da ƙarfi ba.

Haka aka yi na riƙe masa kujera.

Ya koma ƙaramar data ta waya. Magani kam yana sha cikakke, ni nake tsayawa a kansa. Bayan la'asar kuma, abin da ke ratso bango ya canza.

"Uwata? Kina ji na? Na ce kina ji na? Ke ma kin daskare."

Sai shiru. Sai ya sake kira. Wani lokaci ya fita bakin titi yana ɗaga wayar sama kamar mai neman a tsayar masa da mota. Yarinya ba ta da haƙurin magana da hoton da ba ya motsi. A hankali kiran ya koma na ranar hutu, ya koma gaisuwar murya da uwar kaɗai.

Ya sayi wani yadi ruwan ƙwai mai 'yan furanni, ya shimfiɗa a teburi. Makonni yana nan a shimfiɗe.

"Yanka mana," na ce. "Ba kana da tsohon awonta ba?"

"Yaro ba ya tsayawa jiran awo, Malam. Ta yi tsawo, na ji a muryarta."

Daga baya dai ya yanka, ya haɗa kafaɗa da hannu, ya sake su yadda ba za su matse ba. Ƙasan rigar ne ya ƙi taɓawa.

Da rana ciwon ya kayar da shi, a gaban keke. Ƙarar faɗuwar na ji ta bango. Asibiti suka riƙe shi kwana kaɗan, suka ce a mayar da shi gida ya huta, da irin muryar da na riga na sani tun lokacin matata. Hannunsa na hagu ya mutu, bakinsa ya ɗan karkace, amma hankalinsa garau. 'Yar ta ce tana neman kuɗin jirgi da takardu, a ba ta lokaci.

Ina ba shi ruwa ya ce, "Malam, akwatin nan yana ƙarƙashin teburi."

Ban yi gardama ba. Na ɗauko shi, na taka kujerar ba mai riƙe mini, na jona. Fitila ɗaya ta kama, ja. Na sa hula na tafi ofishin kamfanin, na bi layi a cikin sanyin na'ura. Ma'aikaciyar da ke bayan kanta tana da fara'a.

"Baba, an rufe layin saboda ya daɗe ba a biya ba. Sai mai shi ya zo da kansa."

"Mai shi ba ya iya tashi."

"To sai dai a buɗe sabo da sunanka. Amma ba ya kamawa nan take, za a turo maka saƙo."

"Ku masu gudun?"

Ta yi murmushin da aka koya mata. Na biya ba ciniki, ni da na yi shekara ina ce wa Tela ɓarawo ne ke karɓar wannan kuɗi.

Da la'asar 'yar ta kira a ƙaramar datar. Na zauna a bakin gado na riƙe masa wayar, don hannunsa ba ya iyawa.

"Baba, ya jikin? Baba Malam, sannu da ɗawainiya, Allah Ya saka."

"Ina Uwata?" ya ce. "Ɗauko tef."

"Haba Baba, yanzu ana ta lafiyarka..."

"Ɗauko tef, na ce. Daga kafaɗa zuwa ƙasan gwiwa. Kar ki ja."

Yarinyar ta shigo tana cewa, "Kaka! Kaka, haƙorina ya..." Sai hoton ya tsaya. Bakinta a buɗe, fuskar ta farfashe ta koma 'yan murabba'ai, tef ɗin wani farin zane kawai a gefenta. Muryar uwar tana zuwa guntu-guntu. Tela ya yunƙura, na matso masa da wayar har tana taɓa hancinsa.

"Malam, kai ne mai karatu. Karanta mini. Nawa ka gani?"

Da na faɗi kowace lamba, da ya yarda. Na duba, na gyara tabarau, na sake dubawa.

"Ban gani ba," na ce.

Kiran ya yanke. Ya mayar da kansa kan matashi.

"Ba komai," ya ce. "Na bar mata tsawo."

Na buɗe baki zan faɗa masa wata magana. Ya riga ya rufe ido, ni kuma na ce a raina sai gobe.

Washegari da hantsi ya cika. Muna dawowa daga binne shi wayata ta yi ƙara a aljihu. Kamfani ne, suna taya ni murnar shiga sabis mafi gudu. Na leƙa shagon, fitilun duka sun koma kore.

Sai bayan makonni 'yar ta iso da yarinyar. Ta yi mini godiya har da kuka, ta ce Babanta ya faɗa mata ni na tsaya a kan maganinsa. Na karɓi godiyar, ban san inda zan ajiye ta ba. Tana kwashe kayan shago ta ci karo da rigar a rataye bayan madubi, ta sa wa yarinyar. Kafaɗa daidai, hannu daidai. Ƙasan kuwa yana jan ƙasa, ba kalmasa, sai zare da ke zubowa daga bakin yadin.

"Kai ne Malam mai jarida?" yarinyar ta tambaye ni. "Kaka ya ce kana faɗa da waya."

"Ni ne."

Ta tattare rigar da hannu biyu ta shiga zagaya teburin tana wata 'yar waƙar makarantarsu ta ƙirga tsuntsaye. A tsakiya ta manta baiti ɗaya, ta tsaya. Na ƙarasa mata.

Uwar ta juyo. "Baba Malam, a ina ka san wannan?"

"Malamin makaranta ne ni," na ce.

Ban taɓa koyar da waƙar nan ba. Ta bango na koye ta. Kujerata ta karatu da can a bakin taga take, inda haske yake. Tun watan da Tela ya sayi akwatin na jawo ta na jingina da bangonsa, kullum bayan la'asar, da jarida a buɗe a cinyata ba na juya shafi. Har yau tana wurin. Abin da na so in faɗa masa a bakin gadon nan ba dogo ba ne: Tela, ni ma jiran kiran nake yi.