Binciken Baffa Sallau a Kasuwar Taurari

Mai Keke Napep bai gama tsayawa ba Malam Sallau ya zuro ƙafa waje, ya tattara babbar rigarsa a kafaɗa, ya nufi gidan da aka kwatanta masa a Federal Low-Cost. Bincike ne ya kawo shi.

Batul, 'yar yayansa marigayi, ta fito da wanda take so, wani Abdulrasheed, malamin makarantar sakandare, kuma gobe iyayen yaron za su zo gidan su Batul a Bagadaza jin amsa. Sallau ne waliyyi. In ya ce a ba su, an ba su. In ya girgiza kai, magana ta mutu. Ya riga ya tambayi limamin unguwar, ya tambayi mai shagon bakin layi, har wanda yake yi wa yaron aski bai bari ba. Kowa alheri ya faɗa. Sai wata maƙwabciyar su yaron, Ladi, ta ja Inno, uwar Batul, gefe a gidan suna, ta ce mata saurayin nan in ya shiga ɗaki ya toshe kunnuwa, sai ya yi ta ciniki da waɗansu halittu masu hannu huɗu, ita da idonta ta gani ta taga. Tun ranar Inno ba ta ci abincin kirki ba. Shi ya sa Sallau ya bar rumfarsa ta hatsi a hannun maƙwabci, abin da bai taɓa yi ba sai in rasuwa aka yi.

Abdulrasheed ya fito da sauri yana neman takalmi, ya durƙusa har ƙasa, ya shigar da shi ɗakinsa na bayan gida. Ya shimfiɗa darduma, ya kawo ruwan sanyi. Aka gaisa, aka sake gaisawa. Sallau ya ƙare wa ɗakin kallo: littattafan 'yan makaranta a jibge, talabijin a bango, kwamfuta a ƙarƙashinta.

"An ce kana hulɗa da waɗansu mutane masu hannu huɗu," in ji shi.

Yaron ya ce, "Baba, gem ne. Wasan kwamfuta."

"Caca?"

"A'a wallahi. Ba a sa kuɗi, ba a cin kuɗi."

"To me ake ci?"

"Ba a cin komai, Baba."

"Ba a cin komai, kuma ƙato da gemu ya zauna yana yi. Kunna na gani."

Abdulrasheed ya kunna. Ya zare abin toshe kunnen ya ajiye, ya ƙara murya don baƙonsa ya ji komai, kada a ce ya ɓoye wani abu. Talabijin ta yi baƙi ƙirin, sai taurari, sai wani jirgi mai kama da tukunyar da aka kifa. Ya yi bayani cewa shi falke ne a wasan, jirgin nan nasa ne, yana saro kaya a wata duniya ya kai wata duniya ya sayar. Ana cikin haka wata halitta ta cika talabijin, ƙatuwa, koriya, ga hannuwa huɗu kowanne da zobba.

Sallau ya yi a'uziyya. Sannan ya matso.

"Wannan ɗan wace ƙabila ne?"

"Dokkani ake ce musu, Baba."

"Mene ne asalinsu? Ba a ciniki da mutum ba a san gidansu ba."

Nan bakin Abdulrasheed ya buɗe, don malami ne, kuma ba a taɓa tambayarsa wannan darasi ba. Ya ce Dokkani a da manoma ne a wata duniya mai wata biyu. Da fatauci ya shiga jininsu suka sayar da wata ɗaya, daga baya suka sayar da na biyun, yanzu dare ya yi musu sai dai su kunna fitila, ita ma fitilar haya suke ba junansu. Ba su da sarki. Duk wanda ya fi kowa kaya a rumbu shi ne shugaba, ranar da wani ya fi shi ya sauka.

"Suna salla?"

"Baba, ai ƙirƙirarsu aka yi."

"Na ga alama. Ci gaba."

Sai ga waɗansu kuma, sirara, masu kai irin na fara. Waɗannan su ne Kirri, in ji Abdulrasheed, dukansu uwa ɗaya ta haife su, tana kwance a cikin wani dutse, duk abin da ta yi tunani shi za su yi. Ba su da uba.

"Duk garin?"

"Duk duniyar tasu."

"To wa yake karɓa musu aure?"

Abdulrasheed ya wuce zuwa ƙabila ta uku, Ulmari. Dogaye ne, farare fat, ba su da ido, cikin teku suke zaune tun asali. Yaƙi ya ɓarke tsakaninsu da Kirri a kan wata ƙofa da mutanen farko suka gina a sararin sama suka tafi suka bar ta, wadda in jirgi ya shiga ta nan sai ya ɓulla can wata nahiya. Dokkani suka sayar wa Kirri makami, suka zagaya suka sayar wa Ulmari garkuwa, suka koma suka gaya wa Kirri inda garkuwar take da rauni, shi ma labarin sayar musu suka yi. Ƙarshe tekun Ulmari ya ƙafe. Yanzu suna yawo cikin tsofaffin jirage cike da ruwa, kuma ruwan kullum raguwa yake yi.

Sallau ya girgiza kai. "Marayu ke nan. Allah wadaran mai hannu huɗun nan. Tun da na ga zobban na san ba mutumin kirki ba ne. Kai me ka ɗauko a jirginka?"

"Ruwa, Baba. Wurin Ulmari zan kai."

"Mu je."

Jirgi ya shiga ƙofar ya ɓulla. Kafin su isa Sallau ya bar darduma ya hau kujera. Wani Ba'ulmare ya bayyana yana lilo a cikin ruwa, rubutu ya fito a ƙasa. Abdulrasheed ya kai hannu zai danna.

"Tsaya! Haka za ka faɗa wa mutum da ciniki, ba gaisuwa, ba ya iyali, ba ya muka ji da haƙuri?"

"Babu wurin gaisuwa a gem ɗin, Baba."

"Wanda ya ƙera shi ba shi da tarbiyya. To nawa ya taya?"

"Ba sa tayi. A al'adarsu tayi zagi ne. Abin da ka faɗa shi za su biya."

Tun yana saurayi Sallau yake auna hatsi, ya ga mai tayin da zai sa ka yi kuka, ya ga matar da za ta ɗanɗana wake ɗanye ta ce ya yi tsami don a rage mata. Bai taɓa jin mai saye irin wannan ba, ko a mafarki.

"Ko nawa ka faɗa?"

"Ko nawa."

"Kuma ba ya gani?"

"Ba shi da ido."

"Akwai wani mai ruwa a kusa?"

"Babu. Sai an yi tafiya mai nisa."

Sallau ya cire hula ya ɗora a gwiwa. "Ninka."

"Baba?"

"Ninka kuɗin, ka sake ninkawa. Kuma kada ka sauke duka. Ba shi rabi, ka ce sauran na wani ne, ka koma gefe ka kashe inji. Ƙishi zai kawo shi."

"Baba, akwai ƙanana a jirgin nasu. Ga su can a baya."

"Ƙananan me? Kai da bakinka ka ce ƙirƙirarsu aka yi!"

"Haka ne."

"To?"

Abdulrasheed ya sosa ƙeya. Ya san amsar gobe tana bakin mutumin nan, ga shi kuma ya tsare shi da ido. Ya ce, "Ka yi haƙuri, Baba. Na taɓa yi sau ɗaya, da na fara. Da na dawo na tarar jirginsu ɗaya ya bushe. Ranar ko tuwo ban iya ci ba. Ni dai yadda na saba nake ba su, riba kaɗan."

Ya danna. Ruwa ya tafi duka. Ba'ulmaren ya sunkuyar da dogon wuyansa.

Sallau ya buga hula a gwiwa. "Kai, wannan yaro! Kasuwa ta zo har ɗaki ta durƙusa maka!" Sai ya ji muryarsa ta yi sama da yawa, ya tuna a inda yake da abin da ya kawo shi. Ya mayar da hular, ya gyara riga, ya yi gyaran murya. "Gwada ka nake yi," ya ce.

"Na gane, Baba."

Bai rufe baki ba wani jirgi ya ɓullo daga ƙofar, ƙato, baƙi, ya rufe rabin taurarin. Jirgin Abdulrasheed a gefensa kamar kaza kusa da tirela.

"Wannan fa? Mai hannu huɗun ne?"

"A'a, mutum ne irina. Ai mutane da yawa ke yi, kowa daga gidansa." Abdulrasheed ya fara lalubar wayar abin toshe kunne. Bai kai ga sa ta ba murya ta cika ɗakin, muryar mace, tana dariya.

"Abdul! Ka sake yin sadakar taka ko? Wallahi kai ko mai awara ba za ta ɗauke ka aiki ba."

Sallau ya san muryar. Ita ce take ce masa "ina kwana, Baffa" kullum, a hankali, sai ya ce ta ɗaga murya ba ya ji. Ya ɗaga wa Abdulrasheed yatsa, alamar kada ya kuskura.

"Na ji ka yi shiru," in ji Batul. "To matsa min. Ruwan da ka ba su ba zai kai su jibi ba. Na saye duk rijiyoyin da ke bayan ƙofar, na biya Kirri su tare hanya, ba mai shigowa. Zan zauna nan in kashe inji. Da kansu za su zo."

"Batul," Abdulrasheed ya ce da wata irin murya, "akwai ƙanana."

"Ƙananan za su fara jin ƙishi, shi ne ai dabarar. Jiya ma shugaban Dokkani ya zo neman rance wurina, na karɓe masa zobba. Kai, Baffa Sallau ya zo? Inno ta ce yau zai zo maka bincike. Ka sa hula, ka ɓoye kwamfutar nan. In ya tambaye ka, ka ce littafi kake karantawa da yamma. Yana da faɗa amma ba ya gane komai a waya. Bari na je, Inno na kira, na ce mata kaina ke ciwo."

Muryar ta ɗauke. Baƙin jirgin ya yi zamansa, Ulmari na lilo a gabansa.

Sallau ya daɗe yana kallon jirgin.

"Rijiyoyin duka ta saye?"

"Duka, Baba."

"Ta kuma tare hanya."

"E."

"Hm," in ji Sallau. Wani murmushi ya taso masa a fuska, ya yi maza ya danne shi da tari. Can ya ce, "Iyayenka sun san da wannan?"

"A'a."

"Kai kuma ka san da shi, ka ce kana so?"

Abdulrasheed ya sunkuyar da kai. "A waje ba haka take ba, Baba."

"Kai dai ka ce." Ya miƙe, ya ƙi rakiya.

Bayan la'asar ya isa Bagadaza. Inno na tsakar gida tana tsintar shinkafa, ta ture tiren gefe tun kafin ya zauna. Batul ta fito cikin dogon hijabi, ta durƙusa nesa, idonta a ƙasa, ta ajiye masa ruwa.

"Sannu da zuwa, Baffa," ta ce, da ƙyar ake ji.

"Ya kan naki?"

"Da sauƙi, Baffa."

Ya bi ta da kallo har ta shige ɗaki.

"Malam, ka bar ni a tsaye," in ji Inno. "Gaskiya ne maganar masu hannu huɗun?"

"Gaskiya ne. Na gan su. Ba su da tarbiyya, amma ba ruwansu da yaron."

"To shi yaron fa?"

"Yaron ba zai yi arziki ba. Amma ko makaho ya ba shi amana zai same ta yadda ya bari. Gobe in sun zo, an ba su."

Inno ta ɗaga hannu sama tana hamdala, har shinkafa ta zube.

"Kuma a sa rana kusa," in ji Sallau. "Kada ta wuce wata mai kamawa."

"Wata mai kamawa? Me ya yi zafi? Ko gado ba mu yi oda ba."

Sallau ya waiga wajen ƙofar ɗakin Batul, ya rage murya.

"Shi ma yaron yana da baffa, Inno. Bai zo nasa binciken ba tukuna."