Kujera Ɗaya a Jirgin Likitoci

Daga ƙauyenmu zuwa birni, in a babbar mota ce, sai kin kwana a hanya, bayanki kamar zai tsinke. In kuwa a ƙaramin jirgin likitoci ne, mai sauka a filin bayan asibitinmu, kafin shayi ya huce kin isa. Haka masu hawa ke faɗa.

Da matar ɗana ta haihu a birni, ɗan nawa, wanda shi ke gyaran injin jirgin, ya samo kujera ɗaya. Ya ba uwar matarsa. Ina tsaye da ƙunshina ta wuce ni, har da ɗago min hannu ta taga. Ni kuwa aka cusa ni a mota tsakanin buhunan siminti.

Na isa ƙafafuna a kumbure, na tarar da ita a kan kujera mai laushi, jikana a cinyarta. Ta riga ta san kukansa na yunwa da na barci. Ina karɓarsa ya tsanyara ihu.

"Kawo shi, 'yar'uwa, bai saba da ke ba tukuna," in ji ta.

Na ja ɗana kicin na turo ƙofa.

"Kai, wa ta haife ka? Ni ko ita?"

"Inna, ke fa kullum cewa kike ko a mafarki ba za ki shiga gwangwanin nan ba."

"To sai me? Sai ka tambaye ni in ƙi da bakina! Yanzu duk ƙauye sun ga wadda ta tashi sama da wadda ta bi siminti."

"Yi haƙuri, Inna."

"Riƙe haƙurinka. Komawa ni ce a jirgi, ita a mota. In ba haka ba, nemi wata ka kira Inna."

Ya yi ta zarya har ya samo. Ranar tafiya na yafa mayafina mai kyau, na ce wa uwar matar tasa, "Sai kin iso. Ki kama ƙarfen motar da kyau, ramukan ba sa wasa."

Ta yi murmushi tana jijjiga yaron. "Ai ni ba yanzu ba. Ruwa ya cinye gada jiya, mota ba ta wucewa sai bayan damina. Ina nan tare da shi."

Aka auna ni a sikeli kamar buhu, aka ɗaure ni a kujera. Ban buɗe ido ba sai da muka sauka. Ba wanda ya tarye ni sai awaki.

Yanzu duk ranar da jirgin ya sauka ina bakin fili. Na gaya wa matuƙin ya faɗa wa makanikensa: ko ya maida ni birni, ko ya ɗauko matar nan daga kan jikana. Ya ce babu kujera. Na ce ina jira.