Ba Kuturta Ba Ce

Gwamnati ce ta tura Mainasara Ingila karatun noman rani, a shekarun da kuɗin mai ke neman inda za su zube. A can jininsa ya ƙafe. Likitoci suka ce sai an dasa masa ɓargon ɗan'uwa. Aka zo har bakin ruwan Tiga aka ɗauko ƙanensa Habu daga kwalekwale, mutumin da ko Zariya bai taɓa zuwa ba, aka kai shi Ingila. Aka zuƙi ɓargo a ƙugunsa aka ɗura wa yayansa. Da suka dawo Bebeji, gari ya ce Habu ya gama zumunci.

Kafin a yanke dawa, jajayen ƙuraje suka feso a tafin hannun Mainasara, suka bi wuya da baya. Malamin asibiti ya ce ƙyanda ce, ga mutum da gemunsa. Wanzami ya kafa ƙaho. Da fatar ta fara dabbare-dabbare tana tauri, sai kowa ya daina ba da shawara. Inna Barakatu, mahaifiyarsu, ta ware masa kwano da moɗa. Ba a faɗi sunan cutar ba, amma an daina ba shi hannu a masallaci.

Habu ya kai shi birni. Likita ya sa Mainasara ya rufe ido, ya shafa auduga a kan tabon.

"Ka ji?"

"Kamar garwashi."

Likita ya ja Habu waje. "Kuturu ba ya jin auduga. Da kuturta ce, da na ba ku ƙwaya kun tafi."

"To mece ce, ranka ya daɗe?"

"Ɓargon ne. Ya kama, mai ƙarfi ne, amma bai san jikin ba. Yaƙarsa yake yi. Da fata ya fara, ga idonsa ya soma rawaya, alamar ya kai ga hanta."

"A cire shi mana."

"Ana cire gishiri daga miya?"

A gida Habu ya faɗi rabin maganar: ba kuturta ba ce. Inna ta yi hamdala, ta aika a gaya wa maƙwabta, ta zuba wa Mainasara da Habu tuwo a akushi ɗaya kamar dā.

"Matso mana, masunci," in ji Mainasara, yana gutsura da ƙyar. "Ko ƙyamata kake, bayan ɓargonka nake yawo da shi?"

"Wane ni, Yaya."

Habu ya matsa, ya sa hannu.