Zane a Cikin Sitiyari

A garejin da take gyaran motoci, Kabula ta danna hon ɗin motar da tafin hannu, shiru. Ta danna maɓallin ƙara muryar rediyo, ta danna na amsa waya, duk maɓallan da ke jikin sitiyarin sun mutu murus.

"Yaya, hon ɗin kawai za ki tayar min," in ji ƙaninta Shija, bakinsa cike da soyayyen rogo. "Jiya saura ƙiris in take mai keke a Buhongwa, da baki na yi ta ihu kamar ɗan kamasho."

Motar ta kawunsu Mabula ce, dattijon coci, Shija kuwa direbansa ne, kullum yana kan hanyar Mwanza zuwa Shinyanga da lodin kifi. Kabula ta duba fis, lafiya lau. Ta sa mita, ta ga wuta na hawowa har wuyan sitiyari, daga nan ta ɓace. To, ba ko shakka wayar nan ce mai faɗi da ke nannaɗe a bayan sitiyari, wadda duk maɓallan ke bi ta cikinta.

Kafin a kai gare ta sai an cire jakar iska, wadda ke tashi ta kare direba in an yi haɗari, ita kuwa ba a yi mata garaje. Kabula ta cire kan batir, ta ɗan jira.

"Matsa baya, in ta tashi sai ta baje maka hancin nan."

Ta ɗago murfin sitiyarin a hankali, numfashinta a riƙe. Ashe duk tsoron banza ta sha. Babu jaka, tsumma ne aka cusa dam a gurbinta, wayar kuwa ga ta a tsinke inda wani hannun ganganci ya fizge ta. Ta zaro tsumman da yatsu biyu. Shuɗin zane ne mai hoton abarba, wanda ita da kanta ta saya wa matar Kawu da Kirsimeti. Ta kai hannu ta ɓamɓare takardar addu'ar da aka manna a gaban direba, sai ga fitilar gargaɗin jakar da aka ɓoye a ƙarƙashinta.

* * *

Da rana Kawu ya shigo garejin, yana tattare wandonsa kada baƙin mai ya taɓa shi.

"Kawu, ina jakar motar nan?"

"Na sayar. Wa ya bar tasa a garin nan? Ke, jaka ce ke hana mutuwa?"

"Ta motar da kake shiga zuwa coci fa, ka sayar?"

"Ni kike ɗaga wa murya? Ni da na binne ubanki?"

"Shi ya sa kake shirin binne ɗansa?"

Shija ya riƙo gefen rigar aikinta. "Yaya, bari. Ranar da aka cire ta, ni na riƙe sitiyarin."

Ta juyo ta dube shi. "Kai ka sani?"

"Na sani mana. Mutum nawa ke jiran makullin nan a tasha? Ga matata Minza, haihuwa ko yau ko gobe. In na ajiye mota, me za mu ci?"

Kawu ya yi murmushin wanda aka wanke. Kabula ta rasa wanda za ta fi jin ƙyamarsa, mai motar ko garin da ya mayar da wannan abu ba komai ba.

* * *

Ta sa sabuwar waya, ta mayar da batir. Hon ya tashi, rediyo ya tashi, jar fitilar ma ta kama ɓaro-ɓaro. Shija ya lalubo takardar addu'ar a ƙasa, ya shafa mata yawu, ya sake manna ta a kan fitilar. Sannan ya ƙwanƙwasa murfin sitiyarin, ya ji yana amo kamar gwangwani.

"Yaya, mayar min da zanen. In babu shi, ƙarar murfin kan dame ni a hanya."

Ta tsaya da zanen a hannu har sai da ya sake roƙo. Ta ninke shi, ta cusa, ta ɗaure murfin.

A bakin ƙofa ya danna mata hon na sallama, sautin ya fita da ƙarfi, tas, aikin hannunta. Ba ta ɗaga masa hannu ba. Ta tsuguna a bakin famfo tana ta cuɗa yatsunta da sabulu, warin kifi da na zanen ya ƙi fita.